Tambaya da Amsa: Gwajin zuciyar jariri kafin sallama daga asibiti

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Dan Allah ina da tambaya. Sati biyu kenan da na haihu, washegarin haihuwa kafin a sallame mu wata nas ta naɗa wa yaron wani abu mai jan haske a hannu sannan a ƙafa, ta kalli lamba tace sai an sake bayan awa ɗaya, da aka sake sai tace lafiya lau mu tafi. Uwar mijina tace kawai neman kuɗi ne, yaro yana kuka yana shan nono me za a auna masa. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya tunda sai da aka maimaita. Meye wannan abun, kuma ko akwai matsala ne suka ɓoye min?
Mai jego, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana shi. Ki kwantar da hankalinki 'yar uwa, wannan nas ɗin aikinta ta yi, kuma wallahi ina fatan kowace nas a ƙasar nan ta riƙa yin haka. Sunan na'urar fols oksimita, abinda take aunawa shine yawan iskar oksijin da ke cikin jinin yaro. Jan hasken nan ba ya ƙuna ba ya cutarwa, ba allura ba ɗibar jini, minti biyar ma ya isa.

Dalilin yinsa kuwa zuciya ce. Kusan jariri 1 cikin kowane 100 ana haihuwarsa da wata matsala a ginin zuciyarsa, yawanci ƙarama ce, 'yar ƙofa wadda wani lokacin ma da kanta take toshewa, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan yaran tasu mai tsanani ce, sai an yi musu aiki kafin su cika shekara, wasu ma a satin farko. Toh matsalar ita ce irin waɗannan yaran ranar farko ba za ki ga komai ba. Yaro zai yi kuka ya kama nono kowa ya ce tubarkalla.

Kinga lokacin da yaro yake ciki ba da huhunsa yake numfashi ba, ta cibiya yake samun iska daga jininki. Saboda haka Allah ya yi masa wata 'yar jijiya, kamar ɓarauniyar hanya, wadda jini ke bi ya kauce wa huhu. Bayan haihuwa wannan jijiyar tana rufewa da kanta cikin kwanakin farko tunda aikinta ya ƙare. Ga yaro mai lafiya shikenan. Amma yaron da manyan jijiyoyin zuciyarsa suka yi musayar wuri, ko ƙofar da jini ke bi zuwa huhu take toshe, ko ɓangaren hagu na zuciyar bai girma ba, wannan 'yar jijiyar ce take riƙe da shi, ranar da ta rufe kuwa, sau da yawa an riga an koma gida ana ta hidimar wankan jego da shirin suna, sai yaro ya rikice lokaci ɗaya. Idan an gano da wuri akwai maganin da ake sa wa ta jijiya, furostagilandin, yana hana waccan 'yar jijiyar rufewa har a kai yaro inda za a yi masa aiki. Wannan 'yan kwanakin ne ake tsere da su.

Hajiya uwar mijinki ba ta yi laifi ba da ta dogara da ido, haka aka saba. Sai dai ido ba ya gani sai iskar ta yi ƙasa sosai, kuma mu da muke da baƙar fata shuɗin da ake cewa yaro yana yi ba ya nunawa a jiki da wuri, sai dai a harshe da dasashi da cikin leɓe. Ko likita ma da abin sauraren ƙirji yana iya saurara bai ji komai ba, domin wasu daga cikin mafiya haɗarin ba su da wata ƙara ta daban a ranakun farko.

Game da maimaitawar: ana sa na'urar a hannun dama da kuma ƙafa ɗaya, an fi so bayan yaro ya cika awa 24. Idan ta nuna 95 ko sama, kuma bambancin hannu da ƙafa bai wuce 3 ba, yaro ya tsallake. Idan ƙasa da 90 ne babu jira, likita za a kira nan take. Tsakanin 90 da 94 kuma sai a sake bayan awa ɗaya, domin yaro yana motsi ko ƙafarsa ta yi sanyi ko huhunsa bai gama sabawa ba duk suna iya sa lamba ta sauka. Naki ya faɗa nan ne, aka sake ya tsallake, babu abinda aka ɓoye miki.

Ba wai sabon abu bane da aka ƙirƙiro don kuɗi. A Birmingham ta Ingila an gwada shi a kan jarirai sama da 20,000, a ƙasar Sin sama da 120,000, Amurka kuma ta saka shi cikin gwaje-gwajen da ake so a yi wa kowane jariri tun 2011, kuma binciken da ya fito a 2017 ya nuna mutuwar jarirai daga irin wannan ciwon ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a jihohin da suka wajabta shi.

Amma fa ki ji wannan da kyau. Gwajin yana kama kusan uku cikin huɗu ne, ba duka ba, musamman matsewar babbar jijiyar da ke kai jini ƙasan jiki tana yawan kuɓuce masa. Don haka ki ci gaba da lura: numfashi da sauri sama da 60 a minti ɗaya, haƙarƙari yana lotsawa, gumi a goshi lokacin shan nono, ya sha kaɗan ya saki yana haki, ko ya ƙi ƙiba. Ko ɗaya kika gani ki koma asibiti a ranar.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Bara matata ta haifi mace, an sallame mu bayan 'yan awoyi, yarinya lafiya lau, kwana huɗu ta daina shan nono tana nishi bakinta ya yi duhu, kafin mu isa asibiti ta rasu. Wasu suka ce iska ce wasu suka ce beli ne da ba a cire ba. Yanzu matar tana da ciki wata huɗu kuma tsoro ya hana mu sakewa. Me ya kamata mu yi?
Wani magidanci, daga Gusau

AMSA: Allah ya ba ku haƙuri Malam, ya sa mai ceto ce, ya kuma sauki maiɗakinka lafiya. Wasiƙarka ta taɓa ni ƙwarai. Alamun da ka lissafa, jariri ya daina shan nono yana nishi baki ya yi duhu a kwana na uku ko na huɗu, abubuwa biyu suka fi kawo su, ko ƙwayoyin cuta sun shiga jini ko huhu, ko kuma irin matsalar zuciyar da na yi bayani a sama. Beli ba ya kawo wannan, kuma ina roƙonka da Allah kada a kai jariri mai wahalar numfashi wajen wanzami, zubar jini da cutar da ke biyo bayan yankan kaɗai sun isa su ƙarasa shi.

Yanzu lokaci yana hannunku. Ka raka ta awo da kanka ka faɗa wa likita labarin nan kamar yadda ka rubuto min, kar ku ɓoye don zafin tunawa. A auna mata suga, domin ciwon suga a jikin uwa yana ƙara haɗarin, a kuma duba duk wani magani da take sha, musamman na farfaɗiya, amma kar ta daina da kanta. Idan ku 'yan uwa ne ku faɗa, auren zumunci yana ɗan ƙara yiwuwar abin. Tsakanin sati 18 da 22 ku nemi sikanin na musamman da ake duba gaɓoɓin yaro ɗaya bayan ɗaya har da zuciya, ba irin na minti biyu da ake cewa mace ce ko namiji ba, kuma a asibitocin koyarwa irin na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Malam Aminu Kano aka fi samun masu yinsa. Ta haihu a asibiti, kuma ko an ce ku tafi ka roƙa a auna oksijin ɗin jariri hannu da ƙafa, in bai kai awa 24 ba a auna kafin ku fita, washegari ku dawo a sake. Ko da lambar ta yi ƙasa ba lallai zuciya bace, sau da yawa limoniya ko cutar jini ake kamawa da wuri ta wannan hanyar, in kuma ana zargin zuciyar sai a yi hoton eko, wato sikanin zuciya, a tabbatar. Kuma ko da zuciya ce ta ɗauki ta farko, yiwuwar ta sake faruwa ga ƙaninta ko ƙanwarta kusan 3 ne cikin 100, mafi yawan iyaye irinku lafiyayyen yaro suke samu.

TAMBAYA: Mu a gida ake haihuwa wajen ungozoma. Ina da irin na'urar nan ta yatsa da na saya a kemis lokacin korona, zan iya auna jikana da ita?
Wata kaka, daga Maraɗi

AMSA: A'a Hajiya, wannan ta manya ce, yatsan jariri ya yi mata ƙanƙanta, za ta ba ki lambar da ba daidai ba ko ta tsorata ki a banza ko ta kwantar miki da hankali alhali akwai matsala. Ta jarirai wani ɗan maɗauri ne mai laushi da ake naɗawa a tafin hannu da ƙafa. Kar a jira sai bayan suna, ku kai shi asibiti a kwana na biyu, dama akwai allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ɗigon shan inna da ake yi a farkon haihuwa, sai ki ce wa nas ɗin a haɗa da auna masa oksijin. In ba su da ta jarirai a wurin, ki tambaye su asibiti mafi kusa mai ɗakin jarirai, can ake samunta.