Tambayoyinku: Manhajata sabuwa ce, me zai hana a ba ni haƙƙin mallakar ƙirƙira?

Tambaya: Malam, na haɗa manhajar adashi wadda take tura wa kowa saƙo ranar zubi, kuma ban taɓa ganin irinta ba. Zan samu takardar mallakar ƙirƙira a Amurka ko Turai? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, wannan "ban taɓa gani ba" tana damuna ƙwarai, domin kusan duk mai irin tambayarka da ita yake farawa. Kasancewar abu sabo ɗaya ne kawai daga cikin sharuɗɗan. Mai tantancewa, wato jami'in da ke duba buƙatarka a ofishin mallakar ƙirƙira, zai kuma tambayi kansa ko ma'aikaci mai matsakaicin ƙwarewa a fannin, wanda ya san duk abin da aka riga aka wallafa, zai iya hango wannan dabara ba tare da wahala ba. Abin da sashe na 103 na dokar mallakar ƙirƙira ta Amurka ya tanada ke nan. A shari'ar kamfanonin KSR da Teleflex ta 2007, kan totur ɗin mota da aka maƙala wa na'urar lantarki, Kotun Ƙolin Amurka ta ce haɗa tsofaffin abubuwa, kowanne yana yin aikin da aka san shi da shi, yawanci abu ne bayyananne. Adashi tsoho ne, saƙon tunatarwa ma tsoho ne.

A Turai tsaurin ya fi haka. A hukuncin COMVIK na 2002, daga kwamitin ɗaukaka ƙara na Ofishin Mallakar Ƙirƙira na Turai, wanda ya shafi katin sim mai shaida biyu domin raba kuɗin kiran ofis da na gida, an ce rabon kuɗi dabarar kasuwanci ce, don haka ba ya shiga lissafi wajen auna zurfin ƙirƙira. Matsalar fasaha da ka warware kaɗai ake aunawa. Da a ce ka gano hanyar daidaita bayanan zubi a wurin da sabis yake yankewa, da muna da abin tattaunawa. Kafin ka kashe sisi, ka shafe mako guda kana bincike a Espacenet da Google Patents, shafukan intanet na binciken takardun mallakar ƙirƙira, kamar yadda nake nanatawa kullum.

Tambaya daga wata 'yar'uwa: Ai bayan an karanta bayanin ƙirƙirata dole abin ya yi kama da mai sauƙi. Wannan adalci ne?

Amsa: Ƙorafinki yana kan hanya, 'yar'uwa. Ki nemi mai tantancewa ya nuna takardun da ya dogara da su, da dalilin da zai sa gwani ya haɗa su kafin ranar da kika shigar da buƙatarki.

Tambaya: A Najeriya fa?

Amsa: Ƙarƙashin dokar mallakar ƙirƙira ta 1970, magatakarda yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya auna sabunta ko zurfin dabara. Wanda ya ƙalubalance ka a Babbar Kotun Tarayya yana iya sa a soke takardar.