Amsa kan laƙabin shugabannin ƙasashe da asalinsa

Malam, ka tambayi ko asalin laƙabin da ake kiran mai mulki da shi yana da tasiri a ma'anarsa, kuma a ganina yana da shi ƙwarai. Kalmar da Amurkawa ke kiran shugabansu da ita, wato "president", ta fito ne daga Latin, inda take nufin wanda ke zaune a gaban taro yana jagorantar zama. A 1789 wasu 'yan majalisar dattawa sun so a ƙara wa George Washington, shugaban Amurka na farko, laƙabi irin na sarakuna, amma majalisar wakilai ta ƙi, domin ba a daɗe da rabuwa da Sarkin Ingila ba.

Larabci kuwa ya fi bayyana abin. Halifa magaji ne, shi ya sa aka kira Sayyidina Abubakar Halifan Manzon Allah, sai a zamanin Sayyidina Umar aka koma Amirul Muminina, laƙabin da Shehu Usmanu ya ɗauka a Gudu a 1804. Sai dai asali ba ya ɗaure mai mulki, domin minista a tushensa hadimi yake nufi, alhali ministoci da yawa sun manta da hidimar.