Ku Tambayi Kawu: Gwiwar Derrick Rose da ta Yaron Aboabo

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni mai sayar da wake da shinkafa ce a Aboabo, nan Kumasi. Yaron wajena, shekararsa 17, ba ya ji ba ya gani sai ƙwallon kwando. Mako shida ke nan ya yi tsalle ya diro, ya ce ya ji gwiwarsa ta hagu ta yi ƙas. Kafin isha'i ta kumbura suntum. Muka kai shi wurin mai ɗori, ya ja, ya shafa, ya ɗaure. Kumburi ya sace, yana takawa, sai dai in ya juya da sauri ƙafar takan turguɗe masa. Yanzu ya kafe sai ya koma fili, wai wani Derrick Rose ma ya ji irin wannan ciwon kuma ya dawo. Na dai ɓoye takalminsa. Wane ne wannan mutumin, kuma gaskiya yaron ke faɗi?
Wata uwa, Aboabo

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron bai yi ƙarya ba, gefen labarin mai daɗi kawai ya yanko miki.

Rose ɗan Englewood ne, wata unguwar talakawa a birnin Shikago na Amurka. A 2008 ƙungiyar garinsu, Chicago Bulls, ta ɗauke shi a matsayin na farko cikin sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. A 2011, yana da shekara 22, aka ba shi kambun gwarzon kaka, kuma ba a taɓa ba mai ƙarancin shekarunsa ba. Ba dogo ba ne a cikinsu. Gudu ne jarinsa, da cin birki nan take, da karkacewa a sama ya ratsa tsakanin ƙarti. Duk wannan kuwa gwiwa ke biya.

Ranar 28 ga Afrilu 2012 suna karawa da Philadelphia, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu a tashi, suna gaba da maki 12. Ya yi tsalle, babu wanda ya taɓa shi, ya faɗi riƙe da gwiwar hagu. Jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, wadda likitoci ke kira ACL, mai riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba ya bar na cinya. Har gobe ana musu kan abin da ya sa kocinsa, Tom Thibodeau, ya bar shi a fili bayan wasa ya riga ya zama nasu. Ni dai ina cikin masu ganin ganganci ne, ko da yake a kakar nan dama jikinsa ya sha ƙananan raunuka.

To Hajiya, a nan nake so ki zaunar da yaron. An yi wa Rose tiyata, ga ƙwararrun likitoci, ga kwantiragin fiye da dala miliyan 90, ba shi da aikin fari ba shi da na baƙi sai jinyar gwiwa. Duk da haka kaka guda cur bai taka fili ba. Mutanen garinsu suka sa shi a bakin duniya, wai ragwanci ne, tunda an ji labarin likitoci sun sallame shi. Ya ce shi jikinsa bai ba shi ba tukuna. Na ga laifin masu zagin tun a lokacin, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da ya dawo a 2013, wasa goma kacal ya yi, guringuntsin gwiwar dama ya yage a Portland. A 2015 wurin ya sake yagewa, a shekarar kuma gwiwar hannun abokin wasansa ta fasa masa ƙashin kwarmin ido wajen atisaye. A 2017, yana New York, guringuntsin ta hagu ya bi sahu. Tiyatar gwiwa huɗu cikin shekara biyar. Daga nan sai yawon ƙungiyoyi: Cleveland, Minnesota, Detroit, ya koma New York, ya ƙare a Memphis, ya yi ritaya a Satumbar 2024.

Na san daren da yaronki ke kallo a waya. Shi ne na 31 ga Oktoba 2018, lokacin da Rose ya ci wa Minnesota maki 50 a kan Utah, aka tashi yana kuka. Ni ma, da furfurata, sai da na share ido. Amma ya ƙirga: shekara shida da rabi tsakanin faɗuwar nan da wannan dare, kuma wanda ya ci makin ya riga ya sauya wasansa, ya rage shawagi a sama, ya koma dabara da jifa.

Ba ma sai mun je Amurka ba. Michael Essien namu irin wannan jijiya ce ta tsinke masa a 2008 yana yi wa Black Stars, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ghana, wasa da Libiya, ciwon gwiwa kuma ya hana shi Kofin Duniya na 2010.

Ni ba likita ba ne, tsohon malamin wasanni ne da ya shekara yana hura usur a filayen siminti. Amma ƙarar nan, da kumburi cikin sa'o'i, da turguɗewa, alamu ne da ba a wasa da su. Ina girmama masu ɗori, sun gyara karaya da yawa a zango. Sai dai jijiyar nan tana can cikin gaɓa, hannu ba ya kai mata, in ta tsinke gaba ɗaya kuma ba ta cika haɗewa da kanta ba. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, sai na MRI, na'urar da ke nuna har jijiyoyin cikin gaɓa. Rashin zafi bai nuna an warke ba, kuma duk turguɗewa ɗaya tana iya yaga guringuntsi.

Ki kai shi ɓangaren ƙashi a Asibitin Komfo Anokye. Hoton MRI da tsada, na sani, kuɗin wake nawa ne! Ki bari likita ya fara murza gwiwar da hannu, shi zai ce ko ana bukatarsa. In ta kai ga tiyata, a sa ran wata tara zuwa shekara kafin a yi zancen gasa.

Takalmin kuma ki ci gaba da ajiye shi a inda yake, amma ki gaya masa yana hannunki. Ranar da likita ya sa hannu, ke da kanki za ki miƙa masa.