Takardar da aka ɓoye a akwati ta isa wasiyya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina da mata biyu da 'ya'ya tara, maza da mata, da kuma jika guda wanda mahaifinsa, babban ɗana, ya riga mu gidan gaskiya. Na rubuta da hannuna cewa bayan raina gida ɗaya na 'yar autata ne, shago ɗaya kuma na jikan nan, na ajiye takardar a akwati ba tare da sanin kowa ba. Tun da Allah Ya riga Ya raba gado, shin akwai buƙatar in nemi malami ko lauya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya jiƙan ɗanka, Ya raya abin da ya bari. Akwai buƙata ƙwarai, domin idan ta Allah ta kasance a yau, mai yiwuwa ne babu ko ɗaya cikin abubuwa biyun nan da zai tabbata.

Gidan da ka ambata wa autarka shi ne matsala ta farko. Ita magajiya ce, rabonta yana cikin aya ta 11 ta Suratun Nisa'i, kuma babu wasiyya ga magaji sai idan sauran magada sun amince, abin da ba za ka iya lamunce wa kanka ba a gidan da ke da ɗakuna biyu. Idan kana son ta mallaki gidan, hanyar ita ce kyauta tun kana da lafiya, kuma a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu kafin mai kyautar ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Ko a nan ma ina ba ka shawara ka ji tsoron fifita ɗa guda a kan 'yan'uwansa.

Jikanka kuwa shi ne wanda wasiyya ta fi dacewa da shi, kuma shi na fi jiye wa. Muddin kana da 'ya'ya maza a raye, ba ya gadonka, don haka ya halatta ka yi masa wasiyya, amma kada ta wuce sulusin dukiya, iyakar da Manzon Allah (SAW) ya sanya wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Sulusin kuma ana lissafa shi ne bayan an fitar da kuɗin jana'iza da basussuka, saboda haka sai an ƙiyasta dukiyar baki ɗaya kafin a san ko shagon ya shiga ciki. Sannan ga babban haɗarin: a wurin malaman Malikiyya, wasiyyar da aka tarar da rubutun hannun mamaci, alhali bai kafa mata shaidu ba, ba a zartar da ita, domin ana iya cewa ya sauya ra'ayi. Ɓoyewar da kake yi don gudun tashin hankali ita ce za ta iya raba marayan nan da shagonsa.

Wannan aikin malamin da ya ƙware a ilimin gado ne. Aikin lauya daban yake. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon Malikiyya, kuma daga baya ne jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi dokokin da suka toshe wannan kafa. Lauyan da ya san dokar jiharka zai rubuta ƙarara cewa shari'ar Musulunci ce za ta hukunta dukiyarka, ya tabbatar shaidu biyu adilai sun sa hannu a gabanka, kuma babu mai cin moriyar wasiyyar a cikinsu, ya bayyana shagon da lambarsa da takardar mallakarsa, sannan ya ajiye kwafi a rajistarar kotu.

Ka tafi wurinsu da jerin basussukan da ake binka da waɗanda kake bi, da amanar mutane da ke hannunka, da kuma sunan wasiyyin da zai kula da shagon har yaron ya mallaki hankalin kansa.