Sandar gora za ta iya da kifin sitilhed na hunturu?

Tambaya: Malam, ina zaune a Siyatil ta jihar Washinton a Amurka. Na sayi tsohuwar sandar fatsa ta gora mai lamba 8 (lambar da ke nuna nauyin zaren da ya dace da ita), kuɗinta sun fi ƙarfin a yi wasa da ita. Ina son zuwa kogin Sol Duc a watan Fabrairu don kama sitilhed, kifin da ke girma a teku ya dawo kogi haihuwa, amma ina tsoron kifin ya karya mini ita. Wani dattijo a shagon kayan su ya ce in ɗaura siririn zare, in bar kifin ya yi ta gudu har ya gaji don kansa. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka game da sandar. Goran Tonkin ne daga kudancin Sin, an tsaga shi shida, an fere, an manne. Kafin zuwan sandunan zamani, da irinta aka riƙa kama wannan kifi a kogunan nan. Lamba 8 ta isa kifi mai kilo 4 ko 5, har wanda ya fi haka idan hannunka ya iya.

Shawarar dattijon ce ta dame ni, don kusan kullum sai na ji ta a bakin ruwa, kuma masu furfura ne ke yaɗa ta. Wai a lallaɓa kifi don a tsare sanda! Kifin da ya baro teku cikin hunturu ya zo ne da ƙwai ko maniyyi a cikinsa, ba ya cin abincin kirki, da kitsen da ya tara yake tafiya har ya kai wurin haihuwa. In ka ja shi rabin sa'a yana fafutuka, ka ƙarar masa da guzurin. Za ka sake shi, ka ga ya kaɗa wutsiya ya nutse, ka koma gida kana murna, alhali wani yakan mutu bayan sa'o'i. Na taɓa tsayawa a kogin Hoh ina kallon wani mutum ya ɗaga sanda sama tsaye kamar mai riƙe da tuta, minti ya fi talatin. Da kifin ya iso gaɓa, a kwance ya zo, farin cikinsa a sama. Mutumin kuma sai ya ciro shi don hoto. A binciken da Ferguson da Tufts suka yi a Kanada a 1992 kan ɗan'uwan wannan kifi na ruwan daɗi, cikin waɗanda aka gajiyar sannan aka riƙe su a iska daƙiƙa 60, kashi 28 cikin 100 ne kawai suka rayu. Dokar Washinton ma ta hana a ciro sitilhed ɗin da za a saki ɗungurungum daga cikin ruwa. Sitilhed na yankin Puget Sound, inda Siyatil take, yana cikin jerin masu fuskantar barazana tun 2007, amma har yanzu ana wannan sakarci.

Abin haushin, ko sandar ba ta tsira ba. Doguwar jayayya ce ke sa gora ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa, kuma ɗaga ta tsaye ke karya tsinin, don nauyin duka can yake komawa. Ɗaura zare mai ɗaukar nauyin fam 12 zuwa 15 (wajen kilo 5 zuwa 7), ka kwantar da sandar gefe, gindinta mai kauri ya yi aikin, kwarkwaron naɗe zare ya riƙe gudun. Kana yi kana juya ta a hannu don kada gefe ɗaya ya sha wahala. Cikin 'yan mintoci ka kawo shi. Matse ƙayar ƙugiyar tun daga gida. Duba ɗan fiffiken bayansa kusa da wutsiya: in an yanke, na gidan kiwo ne, in yana nan, na daji ne, ka zare ƙugiya yana cikin ruwa.

In ƙanƙara ta toshe zobban da zare ke bi ta cikinsu, tsoma sandar a kogi, kada ka ƙwanƙwasa. Wajen raba gaɓoɓin sandar ka ja a miƙe, ban da murɗawa, kuma ka bari ta kwana a fili ta bushe kafin ta koma kube. Dokokin kogunan gaɓar teku irin su Sol Duc kuwa sukan canza a tsakiyar kakar kamun kifi ba zato, wani lokaci a rufe kogi ɗungurungum, saboda haka ka duba sanarwar hukumar kifi ta jihar a daren da za ka tashi.