Amsa kan fim ɗin tsoro a kangon asibiti

Ɗan'uwa, wallahi na ji zafin tambayarka, don matsalar sautin nan ta taɓa mu da yawa a zauren nan. Ka ce kun ɗauki fim a wani kango a matsayin asibitin masu taɓin hankali, irin na fim ɗin Session 9, amma magana ba ta fita, sai amsa-kuwwa da ƙugin janareta.

Wancan fim na 2001 da Brad Anderson ya ba da umarni, a ainihin asibitin Danvers da ke jihar Massachusetts a Amurka aka yi shi, wanda aka rufe tun 1992. Ba wani dodo da ake nunawa. Ginin ne ke tsorata mutum, sai muryoyin da ke tashi daga tsofaffin kaset na hirar likita da wata majinyaciya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai sautin da zai ce maka "bari, za a gyara wajen tacewa". Ƙarya ce! Amsa-kuwwar da ta haɗe da murya ba ta fita tas. Ya karɓi kuɗinsa, bai ko sa abin ji a kunne ba, ya bar ka da 'yan wasan da sun watse da aljihun da ya bushe. Wannan zalunci ne.

Kar ka dogara da makirfon kyamara. A rataya makirfo a sanda, kamar santimita 40 zuwa 60 daga bakin mai magana. Bango da daɓen siminti ne ke dawo da murya, don haka a jingina katifu, a shimfiɗa barguna duk inda kyamara ba ta gani. Janareta ya koma bayan gini, mita 30 ko fiye, da waya mai kauri. Kowane ɗaki a naɗi shirunsa na minti ɗaya, da shi za ka cike giɓi. In doguwar fitila na rawa a hoto, sa kyamara kan firam 25 (hotuna 25 a sakan ɗaya) da shata 1/50 (tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗe wa kowane hoto), tunda wutarmu 50Hz ce, wato sau 50 take juyawa a sakan.

Wanda kuka riga kuka ɗauka, tara 'yan wasan a ɗaki mai labule da kafet su maimaita maganar suna kallon bakinsu a allo.

Kuma don Allah kar ku fasa tsohon silin don ƙura ta yi kyau a hoto, da yawansu asbesto ne, wani kayan gini da ƙurarsa ke lalata huhu. Majinyata na gaske kuwa 'ya'yan wasu ne, kar kyamararka ta kusance su.