Likita, wace na'ura ce aka jona wa mijina bayan tiyatar zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mun kawo maigidana Indiya aka canja masa bawul biyu na zuciya, shekararsa 52. Da aka gama aikin sai likitoci suka ce zuciyar ta kasa tashi da kanta, sun jona shi da wata na'ura wai ita Ekmo. Yau kwana biyu ke nan. Ina ganin jininsa yana fita ta roba yana komawa. Don Allah yana da rai, ko na'urar ce kawai ke aiki? Kuma sai yaushe za a cire ta?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Maigidanki yana da rai. Na'urar tana taya zuciyarsa da huhunsa aiki ne, kamar yadda ake karɓar wa wanda ya gaji kaya har ya huta.

A irin wannan tiyata ana tsayar da zuciya, a miƙa aikinta ga wata na'ura ta ɗakin tiyata, wadda John Gibbon ya fara yin nasarar amfani da ita a Amurka a 1953. Da an gama sai a tashi zuciyar ta karɓi aikinta. A wurin mutum ɗaya ko makamancin haka cikin 100, zuciyar takan fito a galabaice, ko da an ba ta magunguna masu ƙara mata ƙarfi. Wannan na'ura ta ɗakin tiyata ta 'yan awoyi ce, shi ya sa ake komawa ga Ekmo, wadda za ki ga an rubuta ECMO a takardunsa, domin ita tana iya yin kwanaki.

Robar da kike gani tana ɗauko jini daga babbar jijiya, ko ta gindin cinya ko kai tsaye daga ƙirji. Famfo yana tura shi cikin wani ɗan akwati mai aikin huhu, ya sa masa iskar oksijin ya cire gurɓatacciya, sannan a mai da shi jiki, kimanin lita 4 zuwa 5 a kowane minti. Ki lura da launin: mai fita ya fi duhu, mai komawa ja wur. Idan kin taɓa hannunsa kin ji bugun jini ya yi rauni, kada hankalinki ya tashi, famfon yana tura jini ne a miƙe, ba ya bugawa kamar zuciya.

Abin da nake so ki riƙe shi ne Ekmo ba ta gyara zuciya, hutu kawai take ba ta. Zuciyar da wahalar tiyata ce ta sumar da ita takan fara farfaɗowa cikin kwana 3 zuwa 7. Saboda haka kwana biyu bai isa a yanke hukunci ba.

Ba zan ɓoye miki ba, halin yana da nauyi. Manyan binciken da aka yi a kan manya da aka sa wa Ekmo bayan tiyatar zuciya sun nuna kashi 25 zuwa 40 cikin 100 ne ke barin asibiti da rai. Amma kusan dukkansu da ba su kai ko washegari ba in babu na'urar, kuma shekarun maigidanki suna cikin abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa, don waɗanda suka haura 70 sun fi shan wuya.

Babbar matsalar ita ce zubar jini. Dole a ba shi maganin tsinka jini, yawanci hefarin, don kada ya daskare a cikin roba, alhali ga sabon ɗinki a ƙirji. Shi ya sa ake yawan ƙarin jini, wani lokaci har a mai da mutum ɗakin tiyata. Ƙoda ma kan gaza a buƙaci wankin ƙoda, kuma sau da yawa takan dawo. Akwai haɗarin shanyewar ɓarin jiki da shigar ƙwayoyin cuta. Idan ta cinya aka sa robar, ƙafar na iya rasa jini. In kin ga ta yi sanyi ko ta canja launi, ki gaya wa nas nan take, kada ki ji nauyi.

Kullum ki tambayi likitansa, ko ta bakin tafinta: me hoton zuciya ya nuna yau? Fitsarinsa yana ƙaruwa? Sinadarin laktet a jininsa, wanda ke taruwa idan jini bai isar wa gaɓoɓi ba, yana sauka? Yana motsa gaɓoɓinsa duka idan an rage maganin barci? Ki kuma tambaya tun yanzu me suka shirya idan mako ya wuce zuciyar ba ta tashi ba, da abin da kowace rana ke ci na kuɗi, domin dangi a gida su san inda aka dosa.

Ranar cirewa ba a kashe na'urar lokaci guda. Ana rage gudun famfon kaɗan-kaɗan ana kallon zuciyar a hoto, sai an ga tana iya tura jini da ƙarfin da ya dace da kanta kafin a zare robobin. Kafin ranar, ki riƙa zama kusa da shi kina yi masa magana da addu'a, ko da idonsa a rufe yake.